Yarinya Mai Agogo Biyu

Al-Sih, Madina
3 ga Rajab

Akwai wata magana da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko a sujada ban taɓa furta ta da baki ba. Idan na tsaya gaisuwa tukuna, na san zan yaga takardar nan kamar yadda na yaga guda huɗu kafin ita.

Ina son wata yarinya.

Sunanta Hibatullahi, muna ce mata Hiba. Ajinmu ɗaya a sanawiyya, wato sakandare, shekarar ƙarshe. Babanta Dokta Muhyiddeen yana aiki a wani babban kantin magani a Al-Khalidiyya, shi ya sa kullum jakarta cike take da alewar tari mai ɗanɗanon na'ana, tana raba wa kowa. Agogo biyu take ɗaurawa, na dama lokacin Madina, na hagu lokacin Zariya, saboda kakarta tana can, kuma ta ce ba ta son ta kira tsohuwa tana tsakiyar salla. Malamai sun yi faɗa har sun gaji sun ƙyale ta.

Na ƙirga littattafan soyayyar da na karanta, tamanin da uku ne, har da waɗanda ake turowa shafi-shafi a waya. A kowanne akwai wurin da yarinya za ta ji ƙamshin turaren saurayi ƙirjinta ya buga. Shekara uku ina jiran nawa ya buga. Na saci kallon samarin unguwa, na saci kallon mai sayar da burodin tamis da kowa ke cewa kyakkyawa ne, ko a jikina. Sai wata rana a bas ɗin makaranta direba ya taka birki, Hiba ta dafa kafaɗata don kada ta faɗi, ta ce, "Ma'alesh ya Najiba," wato in yi haƙuri, ta wuce kujerar baya. Duk abin da littattafan nan suka faɗa ya same ni a tsaye a wurin, ina riƙe da ƙarfe.

Ba ta sani ba. Ni ba ma ƙawarta ta kusa ba ce. Aminiyarta Zahra ce, wata 'yar Chadi mai surutu kamar rediyo. Ni dai ina cikin waɗanda ake ba alewa. Takardun alewar nake miƙarwa da farce in ajiye a littafin nahawu, sun kai arba'in da ɗaya.

Na san sunan da ake kiran abin, na san abin da malamai suka ce. Na yi azumin Litinin da Alhamis, na je Harami na yi kuka har wata Baturkiya ta ba ni hankici. Ban yi komai ba, kuma ba ni da niyyar yin komai. So nake dai mutum ɗaya a duniya ya sani, don abin ya yi mini nauyi.

(Juya bayan takardar.)

Assalamu alaikum Yaya Tasallah. Ina fatan kina lafiya, ke da Gwaggo da duk mutanen Kano. Mu lafiya lau, sai gwiwar Umma da ke damunta in an yi sanyi. Abba yana ta jigilar 'yan umara tsakanin Madina da Makka. Shi zai miƙa wa Hajiya Ƙaltume, mai rako 'yan umara daga Kano, kwalin dabinon a Bi'ir Ali in sun tsaya ɗaura harami, takardar tana ƙarƙashin leda kamar kullum. Kada ki amsa ta waya, kin san Umma ce ke riƙe da lambar buɗe ta. Sirrinki yana nan a wurina, har yau Umma ta ɗauka hoton biki kawai kike ɗauka, ba ta san zancen fim ba. Sau biyu kacal muka taɓa haɗuwa, kuma sai da Umma ta zana mini dangantakarmu da yatsa a kan darduma kafin in gane ta, amma ke kaɗai nake iya rubuta wa.

Ƙanwarki,
Najiba


Sharaɗa, Kano
27 ga Rajab

Wa alaikumus salam ƙanwata marubuciya,

Saƙo ya iso, dabino ya yi daɗi, Gwaggo ta ɓoye rabi a ƙarƙashin gado wai na azumi ne. Muna lafiya. A gai da Umma, a ce ta riƙa shafa man zafi, a gai da Abba da ƙoƙari.

Ke Najiba, kin gama da ni. Labari tara kika turo mini cikin shekara biyun nan, duk na matuƙin jirgi ne ko likita mai dogon hanci, na ce miki ki kawo abin da ba a saba ba, ashe kina jin magana. Wannan na goman ya fi su duka. Ko gabatarwa babu, kin faɗa ciki kai tsaye, haka ake so. Na karanta wa 'yan ƙungiyarmu a falon da muke ɗaukar fim, mai kyamara har tsayawa ya yi da cin gyaɗarsa.

Kuma kin zo a kan gaɓa. Gajerun finafinan barkwanci na minti biyar yanzu abin da ke tafiya shi ne soyayyar zamani, musamman ta 'yan matan da ke zance da junansu. Ƙungiya biyu sun yi, mutane suna zagi suna kallo, suna kallo suna turawa. Amma nasu duk ihu ne da kwalliya. Babu mai abu irin agogo biyun nan. Daga ina kike samo irin wannan?

Mun riga mun ɗauka. Na bar Madina yadda take, haka ma alewar tari da uba mai kantin magani, mun ari abaya biyu. Sunan na mai da shi Habiba. Ita mai ba da labarin ce na sauya, don mai kunya ba ta ba da dariya, kyamara ba ta ganin bugun zuciya. Na mai da ta mai surutu, baki ba ya rufuwa. Sun yi alƙawarin haɗuwa shan askirim ƙarfe huɗu, ɗaya ta zo da agogon Madina, ɗaya da na Zariya, awa biyu tana zaune askirim yana narkewa. A ƙarshe goggonsu ta kama su ta bi su da muciya, dole a rufe da haka in ba so muke a rufe mu ba.

Ranar Juma'a zai fita. Ban sa sunanki ba saboda Umma, amma ni da ke mun san mai shi. Ga atamfa turmi ɗaya, tukuicinki ne.

Yayarki,
Tasallah


Al-Sih, Madina
19 ga Sha'aban

Yaya Tasallah,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina fatan Gwaggo tana lafiya. Na yi gaisuwar a sama wannan karon, don kada ki sake ɗauka labari ne.

Wasiƙarki jiya ta zo. Fim ɗinki ya riga ta da kwana goma sha shida.

Bari in gaya miki inda na gan shi. A gidan suna, nan bayan layinmu, falo cike da mata, ina raba shayi. Wata ta ɗaga waya ta ce ku zo ku ga 'yan Kano sun yi mana fim. Aka taru ana dariya, har Umma. Ni ma na leƙa da tire a hannuna. Na ga yarinya ta ɗaga hannu biyu tana duba agogo, nan take na gane ta. Sai wata tsohuwa 'yar Maraɗi ta cire tabarau ta ce, "To jama'a, wannan ba ɗiyar dokta ba ce?" Dariyar ta tsaya. Wata ta ce ai kuwa ga alewar. Wata ta ce ita da ma ta daɗe tana kallon yarinyar nan da 'yar Chadin nan mai bakin tsiya, kullum manne da juna kamar an ɗinke su. Maman Hiba, Hala Mero, tana zaune a kusurwa da jaririn a cinyarta. Ta miƙa shi ga ta kusa da ita, ta ɗauki jakarta ta fita, ko takalminta ba ta saka daidai ba.

Kin san Hausawan Madina nawa ne? Kowa ya san wanda ya sabunta iƙamarsa, takardar izinin zama, da wanda bai sabunta ba. Yarinya mai agogo biyu guda ɗaya ce a garin nan. Kin sauya Hiba zuwa Habiba kina ganin kin yi dabara.

Kuma da kika mai da ni mai surutu, Zahra kika zana. Babu wanda ya dube ni. Ni ce mai tire. Har wata ta ce wa Umma ta gode Allah tata 'yar ba ta ɗaga kai daga littafi.

Yanzu kalmar nan da ni na kasa rubutawa tana yawo a guruf ɗin mata da hoton Hiba na bikin Sallar bara. 'Yan maɗigo, haka suke rubutawa, da alamar dariya uku a gefe. Babanta ya karɓe wayarta. An hana ta shiga bas, shi yake kai ta ya ɗauko ta. Iyayen Zahra sun hana ta ko kallon inda Hiba take. A aji an ja kujeru an bar mata fili kamar mai ƙyanda.

Shekaranjiya na same ta ita kaɗai a bakin famfon alwala. Babu agogo ko ɗaya, sai farin zobe a kowane hannu inda rana ba ta taɓa ba. Ta ce da Larabci, don in ranta ya ɓaci Hausa guduwa take yi, wallahi ba ta yi komai ba, ba ta san kowa a Kano ba, ba ta san wanda ya tsane ta haka ba. Sannan ta laluba jaka ta ba ni alewa, ta ce, "Ke kaɗai ce ba ki canza mini fuska ba, ya Najiba."

Na karɓa. Kin ji? Na miƙa hannu na karɓa.

Yaya, ta yaya kika karanta takardar nan kika ga labari? A wane labarin nawa na taɓa sa sunana a bakin wata? A wanne na taɓa cewa na yi azumi? Na rubuta cewa so nake mutum ɗaya ya sani, ke kuma kika tara mai kyamara da mai gyaɗa. Na leƙa wayar Umma, mutum dubu ɗari biyu da wani abu sun kalla. Abin da na yi wata bakwai ina ɗauke da shi kamar ƙwai a tafin hannu kin sa an bi shi da muciya.

Ki goge shi. Yau, ba gobe ba. Kuma ki gaya mini abin da zan yi, tunda ke kika iya sauya ƙarshen labari.

Atamfarki tana cikin kwalin nan. Babu dabino.

Najiba


Sharaɗa, Kano
16 ga Ramadan

Assalamu alaikum Najiba,

Ina fatan kuna shan ruwa lafiya. Gwaggo ta yi zazzaɓi amma ta warware. Hajiya Ƙaltume sai goman ƙarshe za ta taso, shi ya sa kika ji ni shiru, ba share ki na yi ba. Sau uku ina ɗaukar waya in kira Umma in ce a ba ni ke, in tuna ba zan iya cewa komai ba tana tsaye.

Na goge shi ranar da takardarki ta zo. Amma shafuka sun fi ashirin da suka kwafa, wasu har sun sa masa kiɗa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, biyu ne suka amsa.

Kin tambaye ni yadda aka yi. Najiba, tun da nake ban taɓa ganin wasiƙar da ta fara ba sallama ba gaisuwa ba. Kullum haka kike yi, labari a gaba, wasiƙa a baya. Na ga gaisuwa a baya na ce ga wasiƙa, na juya na ce ga labari. Wannan ita ce amsar da na ba kaina kwana da kwanaki. Amma azumi nake, ba zan yi miki ƙarya ba. Da na zo wurin takardun alewa arba'in da ɗaya sai na ce wannan ba ƙirƙira ba ce. Sai na ce a'a, yarinyar ta iya rubutu ne. Na zaɓi ya zama labari, don in labari ne na san abin da zan yi da shi, in gaskiya ce ban sani ba. Har yanzu ban sani ba. Ki yafe mini.

Game da abin da ke ranki, ni ba malama ba ce. Ki ci gaba da addu'a, ki rage karatun littattafan nan, shekarunki sha bakwai, zuciya tana juyawa.

Amma ki saurare ni da kyau. Ki yi shiru. Babu wanda ya san ke ce, kuma babu hanyar da za a sani. Maganar mutane wata biyu ce, wani abin zai taso su manta. Ita Hiba 'yar dokta ce, ubanta yana da tsayuwa a garin. Ke Abbanki direba ne a ƙarƙashin kafili, ubangidan da izinin zamansa ke hannunsa, in sunanku ya ɓaci wa zai tsaya muku? Ki tuna Umma. Kuma in aka bi sawu aka zo kaina, Gwaggo za ta san aikin da nake yi, kin san zuciyarta ba ƙarfi. Idan har ya zama dole ki yi magana, ki ce tatsuniya kika ƙaga don wasa, ni zan shaida.

Ki riƙe bakinki har abin ya wuce, don Allah.

Yayarki mai neman afuwa,
Tasallah


Al-Sih, Madina
4 ga Shawwal

Assalamu alaikum Yaya Tasallah,

Barka da Sallah. Allah ya ƙara wa Gwaggo sauƙi. Umma da Abba suna lafiya.

Kin ce maganar mutane wata biyu ce. Wata biyun sun cika, ga abin da ya taso. Dokta ya sayi tikiti. Ranar goma sha biyu ga wata za a sa Hiba a jirgi zuwa Zariya, wurin kakar nan tata. Saura mako bakwai mu yi jarrabawar ƙarshe. Ita ce ta ɗaya a lissafi tun muna aji ɗaya, so take ta karanta haɗa magani kamar babanta. A nan aka haife ta, Zariya sau uku ta taɓa zuwa, in ta yi Hausa 'yan uwanta dariya suke yi mata. Hala Mero ta gaya wa Umma cewa Dokta ya ce ko da ƙarya ne, sai wanda ya san 'yarsa ciki da waje ne zai ba da wannan bayanin, kuma tunda ta ƙi faɗin ko waye, akwai abin da take ɓoyewa. Ta ƙi faɗa ne don ba ta sani ba. Mu biyu ne muka sani, ni da ke, kuma mun yi Sallah da sababbin kaya.

Na bi shawararki tun kafin ma ta iso, kada ki ce ban gwada ba. Azumi talatin na yi da bakina a rufe. Na tsaya tarawihi sahu ɗaya da Hala Mero, kafaɗata tana taɓa tata, ina jin tana jan hanci. Umma ta aike ni gidansu da kunun gyaɗa sau biyu, wai ai mu ba za mu guje su ba kamar sauran. Hala ta shafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba, kuma rabin tsanar taki ce, ina ajiye miki.

Abin da ya fi ƙona mini rai a wasiƙarki shi ne tatsuniyar. Da farko kin ɗauki gaskiyata kin ce labari ne. Yanzu kina so ni ma in ce labari ne, da bakina, ke ki shaida. Har kin ce in rage karatu, kamar a shafi na kamu da shi. Na yafe miki fim ɗin, ko in ce ina ƙoƙari. Wannan kuwa ban yafe ba tukuna.

Na rubuta wa Hala Mero takarda. Layi tara ce, babu ado ko ɗaya, ban taɓa rubutu mara daɗi irinsa ba. Na ce ni na rubuta bayanin Hiba na aika Nijeriya, daga hannuna ya fita ya zama fim. Na ce Hiba ba ta sani ba, Zahra ba ta sani ba, babu abin da ke tsakaninsu sai ƙawance, kuma a shirye nake in maimaita a gaban Dokta da hannuna a kan Alƙur'ani. Ban rubuta dalilin da ya sa na san adadin alewarta ba. Ban kuma rubuta cewa wasa ne ba. In sun tambaye ni, ban san abin da zai fito daga bakina ba, amma ba ƙarya ba ce.

Na san abin da zai biyo baya. Umma za ta ji kafin magariba. Wataƙila a fasa tikitinta, ni a saya mini. Hiba kuwa ba za ta sake kallona ba, kuma ita ce ta ce ni kaɗai ban canza mata fuska ba. Na zauna na yi ta lissafi, in na yi shiru za ta tafi tana ganina da mutunci, in na yi magana za ta zauna tana ƙina. A littattafai yarinya takan yi shafi hamsin tana kuka a kan irin wannan. Ni kwana biyu na yi, na ga ashe ba wani lissafi ba ne, tsoro ne kawai nake yi wa kwalliya.

Ban sa sunanki ba. Na ce wata ce a Kano, kuma ko an matsa iyakar abin da za su ji ke nan. Kada ki gode mini. Na san yadda ake ji in an ɗauki sirrin mutum an miƙa wa jama'a, shi ke nan dalilin.

Za mu je yi musu barka da Sallah bayan la'asar. Umma ta riga ta sa abaya tana kirana, Abba ya tayar da mota. Takardar nan taki zan sa a kwali in mun dawo, in an bar ni na taɓa kwali. Ta Hala Mero na yi tunanin in tura ta ƙarƙashin ƙofa, ko in bar ta a bayan matashin kujera su gani bayan mun tafi. A'a. A hannunta zan sa, in tsaya a wurin har ta gama karantawa.

Najiba